Me Ya Sa Rana Ke Ƙara Wa Fata Baƙi, Ko A Sanyin Jos?

Wanda ya saba shiga motar haya daga Jos zuwa Abuja, in ya samu kujerar gaba, ya dubi hannuwan direba. Na hagu, wanda yake ɗorawa a kan taga tun daga Mararrabar Jama'a har Akwanga da Keffi, ya fi na dama duhu. In ya kwance agogo zai yi alwala, sai ka ga wani zobe mai haske ya zagaye wuyan hannun. Mutum ɗaya ne, abincinsa ɗaya, jininsa ɗaya, amma fatarsa launi biyu. Ka tambayi kowa a tasha, amsar da za a ba ka ita ce rana ce ta ƙona shi. Rana na da hannu, babu musu. Sai dai baƙin nan ba toyi ba ne irin na abin da wuta ta taɓa. Fatar ce da kanta ta haɗa shi, bayan wani dogon saƙo da ya bi ta cikin ƙwayoyinta, wato ƙananan tubalan rai da suka haɗu suka zama fata, kuma abin da ke tayar da saƙon rauni ne da ya riga ya auku.

Hasken rana ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ido ke gani, launukan bakan gizo daga ja zuwa shunayya. Akwai wanda ke bayan ja, ido ba ya kama shi amma jiki na jin ɗuminsa. Sai wanda ke gaba da shunayya, ultrabayolet, wanda ake taƙaitawa da UV. Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ya gano shi a 1801, da ya lura wani sinadarin azurfa ya fi saurin yin baƙi a gefen da ido ba ya ganin komai. UV kashi uku ne. UVC, mafi haɗari, shimfiɗar iskar ozon da ke can sama tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. UVB, mai tsawon zango daga nanomita 280 zuwa 315 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kaɗan ne ke kutsowa. UVA, daga 315 zuwa 400, shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na UV ɗin da ke sauka a kanmu. Ba a ganin ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba a jin zafinsu a lokacin da suke aiki.

Wannan batu na ƙarshe shi ke yaudarar mu mazauna Jos. Mun ɗauka zafi shi ne ma'aunin ƙarfin rana, tunda kuwa garinmu garin rigar sanyi ne, sai mu ce ranarmu mai sauƙi ce, ta Sakkwato da Maiduguri ce abin gudu. Har baƙi kan zo hutu da zaton sanyin nan zai wanke musu fata. To, Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, tsayin da Abuja ba ta kai rabinsa ba, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Tsayin da ke kawo mana sanyi shi ne kuma ke rage kaurin iskar da za ta tace hasken. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne duk hawan mita 1,000 ƙarfin UV na ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Ga shi muna kusa da tsakiyar duniya, ƙasa da digiri 10 arewa, inda sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana ke tsayawa cak a tsakiyar ka da tsakar rana. Gajimare mara kauri yana barin mafi yawan UV ya wuce. Hazon hunturu yana rage wani abu, ba duka ba. Matar da ke kasa tumatir a Farin Gada sanye da suwaita, da mai haƙar kuza, da mai noman dankali a Bokkos, duk suna shan UV mai yawa ba tare da gumi ya gargaɗe su ba.

Yanzu mu shiga cikin fatar. Ɓawonta na sama siriri ne ƙwarai, a mafi yawan jiki bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma kusan dukkansa ƙwayoyi ne da ake kira keratinosayit. A can ƙasan ɓawon ake haihuwarsu, su riƙa turo juna sama, su mutu, su zube a matsayin furfurar fatar da muke gani lokacin hunturu. A cikin sahun ƙasa, kusan ɗaya cikin kowace ƙwaya goma daban take. Sunanta melanosayit, tana da dogayen rassa da take miƙawa tsakanin maƙwabtanta, kuma guda ɗaya tana hidimar keratinosayit kimanin 36. A fata, ita kaɗai ke iya haɗa melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi da ƙwayar ido launi.

Abin da mutane da yawa kan yi mamaki in sun ji shi ne yawan melanosayit a jikin Bature da na baƙin mutum wuluk kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen aiki: nawa kowace ke haɗawa, wane iri, a cikin ƙunshi mai girman yaya, da kuma tsawon lokacin da ƙunshin ke ɗauka kafin ya narke. Fari, wankan tarwaɗa da baƙi duk daga nan suka rabu.

Idan UVB ya ratsa ɓawon fata, yana isa har cibiyar ƙwaya, inda DNA yake, wato kundin da ke ɗauke da umarnin gina jiki da tafiyar da shi. An rubuta kundin da haruffa huɗu, A da T da G da C. DNA yana shanye UVB kai tsaye, ƙarfin da ya shiga kuwa yakan sa haruffa biyu da ke jere, galibi T da T, su manne da juna ta hanyar da ba ta dace ba. Wurin sai ya lanƙwashe, karatu ya gagara. Jiki na da masu gyara, waɗanda ke yanke guntun da ya lalace su sake rubuta shi, kuma bayanin yadda suke wannan aiki na cikin abin da ya sa Aziz Sancar ya samu kyautar Nobel a 2015. Amma in ɓarnar ta yi yawa wasu kurakurai kan tsallake, su zauna, su taru shekara da shekaru. Daga irinsu kansar fata ke tasowa.

A cikin kowace ƙwaya akwai wani furotin mai suna p53. Aikinsa sa ido a kan lafiyar DNA. Da ya ga ɓarna sai yawansa ya ƙaru, ya dakatar da ƙwayar daga rabuwa har a gama gyara, in kuma abin ya fi ƙarfin gyara ya umarce ta ta kashe kanta. Saɓar da fatar mai haske ke yi bayan ta sha rana, gawarwakin irin waɗannan ƙwayoyi ne. An daɗe da sanin wannan. Abin da aka tabbatar a 2007, a ɗakin binciken David Fisher da ke Boston a Amurka, shi ne p53 ɗin nan dai shi ke ba da izinin ƙara baƙi. Ɓerayen da aka cire musu shi, ko an haska musu UV, fatarsu ba ta yin duhu. Ma'ana, ƙararrawar da ke sanar da lalacewar DNA ita ce ke kiran melanin. UV ba ya ba mutum launi mai ɗorewa lami lafiya.

Ga yadda saƙon ke tafiya. A cikin keratinosayit ɗin da ya ji rauni, p53 yana buɗe wani sashe na DNA da ke samar da dogon furotin mai suna POMC. Ana yayyanka wannan furotin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da aikinta. Ɗaya ita ce alfa-MSH, ɗan aiken da ke fita daga ƙwayar ya je ya sauka a kan melanosayit, a wata mashiga da ake kira MC1R. Saukarsa ke tayar da wani sinadari, cAMP, a cikin melanosayit, shi kuma ya kunna MITF, wanda shi ne ke buɗe duk umarnin da ake buƙata don haɗa melanin. Sunayen ba su da daɗin faɗa, amma tsarin a bayyane yake: wanda aka ji wa ciwo ya kai ƙara, wanda ke da magani ya tashi aiki.

Sauran gunduwoyin POMC ma suna da labari. Ɗaya ita ce ACTH, wadda ita ma tana iya kunna MC1R. Shi ya sa mai cutar Addison, wanda ACTH ke yi wa yawa a jini, yake yin duhu har a dasashi da layukan tafin hannu, wuraren da rana ba ta da wani tasiri. Wata gunduwar ita ce beta-endofin, mai rage raɗaɗi da sanya nishaɗi. A 2014 ɗakin binciken Fisher ya nuna ɓeraye na iya sabawa da UV har su nuna alamun kamu. Ko hakan na da hannu a daɗin hantsin da muke sha a bakin shago da safiyar Disamba? Wataƙila, ko da yake ni na fi zargin sanyi.

Melanosayit ba ta haɗa melanin a fili cikin jikinta, domin abubuwan da ke fitowa a tsakiyar haɗin suna da guba. Tana yi ne a cikin wasu ƙananan ƙunsa rufaffu, melanosom. Kayan haɗin tairosin ne, ɗaya daga tubalan furotin da muke samu a abinci, mai sarrafa shi kuma wani inzayim ne, wato furotin mai hanzarta haɗin sinadarai, sunansa tairosinas, wanda ba ya aiki sai da ɗigon jan ƙarfe a jikinsa. Duk wadda ta taɓa fere dankalin Turawa ta bar shi a faranti ta ga ɗan'uwan wannan inzayim yana aiki: farin dankali ya koma ruwan ƙasa, in ya daɗe ya yi baƙi-baƙi. Dangin inzayim ɗaya ne, kuma abin da ya fito dangin melanin ne. A cikin fata, tairosinas na juya tairosin zuwa dopakwinon, daga nan hanya ta rabu biyu. In saƙon MC1R ya zo da ƙarfi, a samu yumelanin, mai launin baƙi ko ruwan ƙasa. In saƙon ya yi rauni, a samu fiyomelanin, mai ja-ja ko rawaya, wanda kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Turawa masu jan gashi, irin waɗanda suka yi yawa a Sikotilan da Ayalan, MC1R ɗinsu ne ba ya amsa kira sosai, shi ya sa rana ke soya su ja-wur ba tare da sun yi duhu ba. A Afirka kuwa binciken gado ya nuna MC1R kusan bai sauya ba tsawon dubban shekaru. A ƙarƙashin irin ranarmu ba a wasa da wannan mashiga.

Idan ƙunsan suka cika suka yi baƙi, melanosayit sai ta tura su ta cikin rassanta, ta miƙa wa keratinosayit. Su kuma ba sa watsar da su ko'ina. Suna jera su ne a saman cibiyar ƙwayar, ta ɓangaren da ke fuskantar rana, kamar malafa a kan manomi. A na'urar ƙara girman abu ana ganin wannan ƙarara: kowace cibiya da ɗan baƙin murfinta. Yumelanin yana shanye UV ɗin da ya faɗo masa ya mayar da fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙarfinsa zuwa ɗan ɗumi mara illa. Biliyoyin waɗannan murafe, in ka haɗa su, su ne launin da kake gani a madubi.

Duk wannan yana cin lokaci. Sabon melanin ba ya bayyana sai bayan kwana biyu zuwa uku, shi ya sa wanda ya wuni a gona ranar Asabar sai Talata ake ce masa ya yi baƙi. Akwai dai wani duhu na nan take da mai duhun fata ke yi cikin mintoci, wanda UVA ke jawowa. Wannan tsohon melanin ne iskar oksijin ta ƙara wa duhu, yakan dushe da wuri, kuma ba ya ƙara wata kariya. Shi kuwa na ainihin yana zama makonni, har sai ƙwayoyin da ke ɗauke da shi sun hau sama sun zube, abin da kan ɗauki wata guda ko fiye. Amaryar da aka killace a ɗaki kafin biki ta fito tana sheƙi, ba dilka da halawa kaɗai suka yi aikin ba. An daina aika wa melanosayit saƙo ne, fatar ta koma launinta na gado. Gilashin mota kuma yana tare mafi yawan UVB amma yana barin UVA mai yawa ya wuce, don haka ɗage gilashi ragi ne kawai.

To nawa ne kariyar? Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya auna hasken da ke ratsa ɓawon fata, ya samu kimanin kashi 7 cikin 100 na UVB ne ke wuce baƙar fata, alhali kimanin kashi 24 ke wuce farar fata. Kariya ce babba, ita ce dalilin da ya sa kansar fata ta rana ta yi ƙaranci a cikinmu. Amma kashi 7 ba sifili ba ne. Shi kansa melanin yana da nasa aibin: a 2015 Douglas Brash na Jami'ar Yale ya nuna cewa bayan UV ya tayar da shi, gutsattsarinsa na iya ci gaba da lalata DNA sa'o'i bayan mutum ya shiga inuwa.

In kana son sanin darajar wannan tsari, dubi wanda aka haifa ba shi da shi. Zabiya yana da melanosayit kamar kowa, saƙon p53 ma yana isa. Haɗin melanin ɗin ne ke tsayawa a hanya, saboda wani sashe na gado da ya karɓa daga uwa da uba duka biyu. Irin da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara shi ne OCA2, wanda ke barin ɗan launin rawaya a gashi. Fatar na ta kai ƙara, babu mai amsawa, ɓarnar DNA na taruwa a fuska da kunne da wuya da leɓe, har ta zama gyambon da ba ya warkewa, sau da yawa tun mutum yana saurayi. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Yaro zabiya a Jos yana buƙatar hula mai faɗin baki, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana da kujerar gaba a aji saboda raunin gani, kuma sanyin gari bai ɗauke masa ko ɗaya daga ciki ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai game da su.

Abin da zabiya ya rasa ba da zaɓinsa ba, shi wasu ke biyan kuɗi a cire musu. Kusan duk man bilicin da ake haɗawa a kwalba mara suna a kasuwannin Terminus ko Wuse, tairosinas yake hari. Haidurokwinon, sinadarin da ake sawa a irin wannan mai, yana hana shi aiki, yana kuma illata melanosayit ɗin kanta. Zaiba tana ture jan ƙarfen da ke jikin tairosinas, sannan ta ratsa jini ta sauka a ƙoda. Mayukan sitiroyid, waɗanda asalinsu magani ne na 'yan kwanaki, suna danne aikin fata su sirantar da ita, har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsaga cinya da damtse, ciwo ya ƙi haɗewa bayan tiyata. Amma babu ɗayansu da ke kashe rana. UV na ci gaba da sauka, yanzu a kan cibiyoyin da babu murfi, p53 na ƙara ƙarfin kira. Da an yi sati ba a shafa ba, ko man ya gaza, melanosayit sai ta rama da gayya, musamman a kumatu da goshi da karan hanci inda rana ta fi bugu. Sai mai shago ya ce, "Hajiya, ai ƙunar rana ce, bari in haɗa miki mai ƙarfi." A ƙara ƙarfi, a ƙara ɓarna. Daɗewa kan haidurokwinon na haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke zama can cikin fata, okronosis, wanda likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana a 1975, kuma yana da wuyar magani ƙwarai. A 2023 hukumar NAFDAC ta kira bilicin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. A ganina laifin bai tsaya kan matan da ke shafawa ba. Muddin samari da iyayensu na cewa a nemo musu fara, mai kwalba ba zai rasa ciniki ba.

Ba UV kaɗai ke tayar da melanosayit ba. Kumburi ma na yi, shi ya sa ƙurji ɗaya in an matse shi yake barin baƙin tabo na watanni a fuskar baƙin mutum. Sinadaran juna biyu na ƙara mata kuzari, sai mai ciki ta ga duhu ya shimfiɗu a kumatunta, rana kuma ta ƙara masa. A fata mai duhu, hasken da ido ke gani ma, musamman shuɗi, yana ƙara launi. Don haka mai fama da tabo, kafin ta nemi abin goge shi, inuwa da lema da man kariya ne farkon magani, tare da kauce wa rana daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma in da hali. Ma'auni mai sauƙi: in inuwarki ta fi ki gajarta, UV na kan ganiyarsa.

Kada kuma a ɗauka rana abokiyar gaba ce zalla. UVB ɗin nan dai shi ke sa fata ta haɗa bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji ɗaukar kalsiyam don gina ƙashi, kuma melanin mai yawa yana rage saurin haɗin. Masana irin su Nina Jablonski suna ganin wannan ja-in-ja ne ya rarraba launin 'yan Adam a doron ƙasa: duhu inda UV ya yi yawa, haske inda ya yi ƙaranci. Jos ta ba da gudummawa a wannan fage. An daɗe ana ganin yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa, gwame ko baka, a garin da rana ba ta yankewa, alhali littattafan likitanci na cewa rashin bitamin D ne sababin laushin ƙashi. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yaran sun fi warkewa da kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, fiye da bitamin D shi kaɗai. Fatarsu na aikinta. Abincin ne, tuwon masara babu madara, ya gaza.

Tafin hannu da tafin ƙafa su ne wuraren da wannan tsari bai cika aiki ba. Melanosayit ɗinsu kaɗan ne, kuma fatar da ke ƙarƙashi tana aika musu saƙon da ke danne su, shi ya sa suke da haske ko a jikin wanda ya fi kowa baƙi. Abin lura shi ne melanoma, kansar da ke tasowa daga melanosayit, in ta kama baƙar fata ta fi fitowa a nan ɗin: tafin ƙafa, diddige, ko ƙarƙashin farce, kuma wannan iri ba shi da alaƙa sosai da rana. Yawanci ana kai ta asibiti a makare, bayan an yi watanni ana cewa kaushi ne ko sammu aka taka. Baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, ko yake sauya launi, ko yake zubar da jini, ko baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi yana cin fatar gefe, na likitan fata ne tun yana ƙarami.